Bindigar Iska: Abin Da Manomi Zai Duba Kafin Ya Saya

Ko wace shekara in kaka ta yi, aka yanke gero, aka ɗaure dawa, sai hankalin manomi ya koma kan masu cin rabonsa ba su yi noma ba. A ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Lakwaya da Kutama har zuwa Garo da Durun, kukan ɗaya ne: ɓera a rumbu, kurege a gonar gyaɗa, kurciya da hasbiya a kan shanya. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Guzu-Guzu da Magaga kuwa, tsuntsaye ke hana su sakat da zarar shuka ta fara ido. Saboda haka ne waɗansu manoma, da fatake masu sito, da ma'aikatan ofis masu ɗan lambu a bayan gari, su kan yi sha'awar bindigar iska, watau wadda ba ta cin albarushi, iska ce kawai ke tura ƙwayar dalma ta fita.

Bindiga ce mai amfani in an san iyakarta. Aikinta kashe maɓarnaci ɗaya-ɗaya a kusa, kamar taku ashirin ko talatin. Wanda ya saya da wannan niyya, ya kuma zaɓi wadda ke kai harsashi inda aka auna, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ya saya don ƙarfi ko don kyan fenti, kuɗinsa ya zubar.

Doka Tukuna

Mutane da yawa sun ɗauka bindigar iska abin wasan yara ce, ɗan'uwan danƙo. A wurin hukuma ba haka ta ke ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda aka haramta wa jama'a, irin bindigogin soja da libarba. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum ke iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu. Kashi na uku bindigar toka, wadda a ke ɗurawa ta baki, al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. To, bindigar iska tana cikin kashi na biyu, an ambaci sunanta ƙarara. Wanda aka kama da ita ba lasisi ya yi laifin da zai iya kai shi gidan yari. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma ba mai ikon yin cinikin bindiga sai dillalin da aka yi wa rajista.

Har wa yau, a watan Agusta na 2023 hedkwatar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka tafiyar farko ba ta kasuwa ba ce. Mai niyyar saye ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na Gwarzo ko na Kabo, ko hedkwatarsu ta Bompai a Kano, ya ji halin da a ke ciki. In an ce ƙofa a rufe ta ke, ya haƙura, ya riƙe kuɗinsa. Akwai ƙarin dalili. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma a 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a waɗansu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Soja ko ɗan sintiri da ya hango mutum da dogon ƙarfe a kafaɗa da magariba ba zai tsaya tambaya ko na iska ne ba. Mai lasisi ma ya kamata mai unguwa da dagaci su san da zamanta, in zai fita da ita kuma ya sa ta a kube.

Irin Da Ya Dace Da Ƙauye

Bindigar iska iri-iri ce, amma uku aka fi gani.

Ta farko ita ce mai sifirin, wadda a ke karyawa. Mai harbi ya kan kama bututun ya tanƙwara shi ƙasa, wannan tanƙwarawa ita ke danne wani sifirin mai ƙarfi a ciki. Sa'an nan ya sa harsashi ɗaya, ya mai da bututun. In ya taɓa kunama sai sifirin ya saki, ya ingiza fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta tura harsashi. Ba ta bukatar kome daga waje sai hannun mai ita. In an kula da ita ta kan yi shekaru masu yawa, abin da ke lalacewa kuwa sifirin ne da roba, kuma ana sake su.

Ta biyu mai tanki ce. Ana ɗura mata iska da famfo na musamman har matsin ya kai wajen ba 200, ta yi harbi da dama kafin a sāke ɗurawa. Ba ta girgiza, ta fi kowace sauƙin saiti, da ita a ke gasa. Amma tana da tsada, famfonta ma tsada, robobin cikinta kuma ba sa son ƙura. Injin mai faci da ke hura tayar mota ba ya kai ko kashi ɗaya cikin goma na matsin da ta ke bukata. A nan akwai gargaɗi babba: kada a kuskura a kai ta wurin mai walda a ɗura mata iskar tukunyarsa. Wannan iska in ta haɗu da maiƙo a cikin matsi ta kan kama da wuta, tankin ya fashe a hannun mutum.

Ta uku tana aiki da 'yan kwalabe na iskar gas masu giram 12. Da kwalba ta ƙare bindiga ta zama sanda, samun wata kuwa sai an je birni. Ƙarfinta kuma yana hawa da sauka da zafin rana.

Ga manomin Kabo ko Gwarzo, mai sifirin ce ta fi. Masana'antun da suka yi suna a kanta sun daɗe. Diana ta Jamus ta fara tun 1890. BSA ta Birmingham a Ingila ta fara ƙera bindigar iska a 1905, samfurinta mai suna Meteor ya fito a 1959. Weihrauch ta Jamus ta fitar da HW35 a 1951, ta kuma yi ta ƙera ta shekara da shekaru ba ta sāke mata fasali sosai ba. Akwai Gamo ta Sifen da Hatsan ta Turkiyya, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, da kuma na ƙasar Sin masu araha, waɗanda a cikinsu akwai na kirki akwai na banza. Amma suna a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, gama jabu ya yi yawa. Gwaji shi ne shaida.

Faɗin Baki Da Ƙarfi

Baki biyu aka fi yi: mai milimita 4.5, wanda a ke rubuta .177 a jikinsa, da mai milimita 5.5, wanda a ke rubuta .22. Harsashin na farko nauyinsa wajen rabin giram ne, ya fi gudu, tafiyarsa ta fi miƙewa, ya fi araha. Na biyu ya kusa giram ɗaya, ya fi dūka, amma ya kan sunkuya da wuri, sai mai harbi ya iya ƙiyasin nisa. Mai son koyon saiti da harbin tsuntsu ya ɗauki 4.5. Wanda gafiya da kurege ne abokan gabansa ya ɗauki 5.5. Kafin duk wannan ya tambayi dillali wane harsashi ne ba ya yankewa a shagonsa, domin bindigar da ba a samun abincinta ado ce kawai.

Batun ƙarfi shi ne inda a ke yaudarar mai saye. A jikin kwali a kan rubuta cewa harsashi na gudun ƙafa 1,000 ko 1,200 a daƙiƙa. Yawanci da wani harsashi mara nauyi, wanda ba na dalma ba, a ke gwada wannan. Kuma gudun da ya kusa na sauti, watau wajen mita 340 a daƙiƙa, ya kan sa harsashin ya yi ta rawa a iska, ya kauce. Bindiga mai tsananin ƙarfi tana da nauyi, tana zabura, karya ta kuwa kamar ɗaga kilo 20 ne ko wane harbi. Bayan harbi talatin hannu ya mutu.

A Ingila doka ta yarda mutum ya riƙe bindigar iska ba takardar izini in ƙarfinta bai wuce wajen jul 16 ba, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin dūka. Da wannan ƙarfi manomansu ke kashe ɓera da zomo a nisan mita 25 zuwa 30. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. A wasannin Olamfik, inda harbi da bindigar iska ya shiga a Los Anjalas a 1984, ana harbi ne daga mita 10 da harsashin 4.5, ɗigon tsakiya kuwa faɗinsa rabin milimita ne, bai kai ƙwayar gero ba. Bindigogin da a ke wannan aiki da su ba su kai rabin ƙarfin waɗanda a ke tallarsu a kwali ba. Matsakaiciya ta isa.

Yadda Za A Gwada Ta

Nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya ɓata lokaci, ko sabuwa ce ko ta hannu. In dillali ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa.

Da fari a tabbata ba harsashi a ciki. A karya ta kaɗan, a leƙa bututun ta baya, bakin yana fuskantar haske. Za a ga waɗansu layuka a murɗe tun daga farko har ƙarshe, su ne ke sa harsashi ya juya ya tafi sosai. Su kasance a fili, ba tsatsa, ba rami. Bututun da ba shi da layukan nan, sumul, irin mai harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ba ya saiti, ƙwallayen kuma su kan yi tsalle su dawo kan mai harbi. A dubi leɓen bakin, kada a ga inda ya lotsa ko ya tsage, gama lahani kaɗan a nan ya isa ya karkatar da ko wane harsashi.

Sa'an nan a rufe ta, a riƙe ƙota, a girgiza bututun hagu da dama. In yana motsi ko da kaɗan, mahaɗar ta saki, yau za ta harba nan gobe can. A dubi robar da ke zagaye da ramin da a ke sa harsashi. In an ɗora 'yar takarda mara nauyi a kan mahaɗar aka harba, takardar ta tashi sama, iska na zurarewa, robar ta mutu. A saurari ƙararta wajen karyawa: mai lafiya ta kan tafi sumul, mai karyayyen sifirin kuwa ta kan yi ƙugi kamar ana niƙa tsakuwa. A dubi ƙota ko ta tsage daidai wurin riƙo, abin da ke nuna an taɓa sakin bututu ya koma da ƙarfi. Kunama kada ta yi tauri har hannu ya yi rawa, kada kuma ta yi sakwa-sakwa har ta tashi da kanta.

Babban gwajin shi ne na harbi biyar. A kafa takarda a jikin tudun ƙasa ko buhun yashi, a ja baya taku ashirin, a zauna, a ɗora hannu a kan buhu mai laushi, a auna ɗigo ɗaya sau biyar ba a canza saiti ba. Ba kome ko ramukan sun sami ɗigon ko ba su samu ba, wannan gyaran saiti ne. Abin dubawa shi ne ko sun taru wuri ɗaya. In murfin kwalbar lemo zai rufe su duka biyar, bindiga ta yi. In sun warwatsu kamar faɗin tafin hannu, a sāke da wani irin harsashi, domin ko wace bindiga da wanda ta fi so. In har yanzu sun warwatsu, a ajiye ta. Kan ɓera bai fi murfin kwalbar nan girma ba, wadda ba ta iya samun murfi raunata dabba kawai za ta yi, ta je ta mutu cikin rami ta cika sito da wari.

Gyaran saiti kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: a matsar da saitin baya zuwa wajen da a ke so harsashi ya koma. In yana faɗawa ƙasa a ɗaga, in yana zuwa hagu a matsar dama. Madubin hange ba dole ba ne a nisan taku ashirin. Mai son sa ya nemi wanda aka yi domin bindigar sifirin, gama tana zabura gaba da baya, ta kan wargaza madubi mai araha cikin 'yan kwanaki.

Harsashi mai kyau siffarsa kamar ƙaramin kalangu ce, tsukakke a tsakiya. Mai shafaffen kai na huda takarda ne, mai zagayayyen kai shi ne na aikin gona. A buɗe gwangwanin a duba, in gindinsu ya lanƙwashe da yawa kada a saya.

Riƙo Da Kulawa

Mai sifirin tana motsi tun harsashi bai fita ba, don haka ba a damƙe ta. A ɗora ta a kan buɗaɗɗen tafi, a jingina ta a kafaɗa a hankali, a riƙe ta iri ɗaya ko wane lokaci. In aka ɗora ta kai tsaye a kan katanga ko dutse sai ta yi tsalle. Sa'ad da a ke sa harsashi, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, yatsa kuma ya nisanci kunama. Kada a harba ta ba harsashi, fistin zai daki ƙarfe ba abin da ya tare shi. Kada a ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai a ramin iska: matsi ya kan kunna shi kamar yadda injin dizal ke yi, a ji ƙara a ga hayaƙi, mai ita yana murna ta ƙara ƙarfi alhali roba ce ke ƙonewa. Da damina a riƙa shafe ƙarfen da tsumma mai ɗan mai saboda tsatsa, da hunturu a naɗe ta saboda ƙura. A riƙa ɗaure sukurorin ƙota, sakinsu shi ne ya fi yawan ɓata saiti.

Abin Da Za Ta Iya Da Wanda Ba Za Ta Iya Ba

A kan ɓeran sito da dare da tocila, da kurege da sassafe a bakin raminsa, da tantabarun da suka addabi shanya, tana aiki. Ba ta da ƙarar da za ta firgita unguwa, kuma ba ta barin guba da kaji ko akuya za su ci. Amma ɓera ciki na mako uku ta ke yi, irin mai yawan nonuwa kuwa ta kan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Wanda ya kashe biyar ya bar ciyawa da tarkace a gindin rumbu, wata mai zuwa zai tarar da ashirin. Sai an haɗa da share kewaye, da toshe ramuka, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da tarko, da kyanwa. Ba a harbin biri ko kare ko alade da ita, rauni kawai za ta yi musu.

Jan-baki kuwa, a manta da bindiga. Tsuntsu ɗaya nauyinsa wajen giram 20 ne, amma su kan zo dubbai. A ce gwani ya wuni yana harbi ya kashe hamsin, garken dubu goma bai san an yi ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maganinsu na gona shi ne wanda aka gada, majajjawa da gwangwani da igiya da ihu, da yin shuka lokaci ɗaya da maƙwabta don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai, da raga ga mai ƙaramin fili. In an gano inda su ke kwana a gaya wa malamin gona na KNARDA, domin feshin makwancinsu aikin hukuma ne.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a ɗaga musu bindiga ba ko kaɗan. Mujiya, duk da baƙin jinin da ta ke da shi, ɓera ne abincinta, ta fi mai bindiga kashe su. Shamuwa da balbela fara su ke ci. Jaba ma ƙwari ta ke bi, ba hatsi ba.

Ɓeran da aka kashe kada a ɗauke shi da hannu tsirara. Mai yawan nonuwan nan shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa a ke kamuwa. A kwashe shi da shebur ko a sa leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Ita dalma kanta guba ce. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya isa a san haɗarinta. Don haka ba a harbi cikin tsaba ko kan shanya, ba a riƙe harsashi a baki wai don saurin ɗurawa, gwangwanin kuma a ɓoye shi inda yaro ba zai kai ba.

Harsashin da ya kuskure ya kan yi tafiyar mita 300 ko fiye, yana iya tsiyayar da ido, yana iya kisa in ya sami ƙaramin yaro a ka. Ya kan huda kwanon rufi, ya kan yi tsalle in ya daki dutse ko ruwa. Kafin a taɓa kunama a dubi abin da ke bayan abin harbin. In katangar ƙasa ce ko tudu, to. In zana ce, ko dawa a tsaye, ko hanyar rijiya, a sauke bindiga, ɓeran zai dawo gobe. Bayan aiki a tabbata ba kome a cikinta, a kulle ta a akwati, harsashi a wani wuri dabam, makullin kuma ya zauna a aljihun mai gida.